Yadda ake gano cututtukan jini da kaska ke sa wa barewa

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita, ranka ya daɗe. Ni malamin dabbobi ne, ina kula da gonar wani bawan Allah mai tumaki da 'yan shanu, kuma akwai bareyi huɗu a wani shinge. Da damina ta yi nisa sai ɗaya ta daina kiwo, dasashinta ya yi fari fat, kunnuwanta cike da kaska. Da ƙyar muka kama ta muka ɗebi jini. Washegari ta yi fitsari ja, ta mutu. A ɗakin gwaji aka ce ba a ga komai a jinin ba. Na duba intanet, duk abin da na samu a kan bareyin Amurka da Turai ne. Yaya ake gano waɗannan cututtuka a barewa, kuma me zan yi wa ukun da suka rage?"

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar wa mai gona da alheri. Idan na fahimce ka, alamu duk sun nuna kaska, gwaji ya ce babu, kai kuma hankalinka yana kan sauran. To ka riƙe abu biyu tun daga farko. Cewa ba a ga komai a gilashi ba, bai wanke kaska ba. Haka kuma da an ga ƙwayar cutar ma, ba lallai ne ita ta kashe barewar ba. A namun daji, samun ƙwaya a jini daban, tabbatar da cewa ita ce ke cutar da dabbar daban, kuma duk wahalar aikin tana tsakanin waɗannan biyun.

Abin da ka karanta, da inda ya shafe mu

Bareyin da ake magana a kansu a rubuce-rubucen Amurka da Turai ba dangi ɗaya ba ne da namu. Nasu masu ƙaho mai rassa ne, wanda ke zubewa duk shekara ya sake tsirowa. Barewarmu da gada da gwanki kuwa 'yan uwan akuya da saniya ne, ƙahonsu na har abada. Amma dukansu masu tuƙa ne, kaska na cizonsu, kuma dangin ƙwayoyin cutar ɗaya ne, saboda haka darasin da aka koya a can yana da amfani a nan.

Manyan ƙwayoyin biyu ne, Babesiya da Taileriya. Victor Babeș ne ya fara ganin ta farkon a jinin shanu a Romaniya a 1888, sannan a 1893 Theobald Smith da Frederick Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa ta. Babesiya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini kai tsaye, ta hayayyafa, ta fasa su, shi ya sa ake ganin ƙarancin jini da shawara da jan fitsari. Taileriya kuwa tana fara zama ne a fararen ƙwayoyin jini cikin kaluluwa, daga baya ta koma jajayen. Akwai kuma Anafilasma da Erlikiya, waɗanda bakteriya ne, amma da yake kaska ce ke kawo su kuma a jini suke zama, tare ake nemansu.

A kudancin Amurka, jihohi irin su Teksas da Oklahoma, barewa mai farar wutsiya tana ɗauke da Theileria cervi sosai, ta hanyar wata kaska wadda macenta ke da ɗigon fari a baya. Yawancin bareyin da ke da ita lafiyarsu ƙalau. Sai an samu ɗan ƙarami wanda yunwa ta ci, kaska ta yi masa yawa, sannan cutar ke nuna kanta. Haka Babesia odocoilei: barewa mai farar wutsiya tana yawo da ita ba ta ko sani ba, amma idan aka kawo rendiya, barewar ƙasashen ƙanƙara, aka ajiye ta a gidan zoo ko gona a yankin, wannan ƙwayar tana iya kashe ta cikin 'yan kwanaki. Wannan yana kama da abin da muka sani a zazzaɓin cizon sauro: baligi ɗan gari za a iya samun ƙwayar a jininsa yana ta harkokinsa, baƙo kuwa ta kwantar da shi. Idan ɗan garin nan ya zo asibiti da wani ciwo daban, aka ga ƙwayar aka tsaya a kanta, an bar ainihin ciwon.

A Afirka ma haka abin yake. Tun 1948 aka bayyana wata ƙwaya ta wannan dangi a jinin gada a Afirka ta Kudu, kuma a can ɗin an daɗe da sanin cewa wata Taileriya tana kashe 'ya'yan gwanki, musamman idan an ɗauko iyayen daga wani daji aka kai su inda ba su saba da kaskar wurin ba. Mu a nan, kaskar da ta fi damun shanunmu da damina ita ce Amblyomma variegatum, mai zane a baya da dogon baki da ƙafafu masu ratsi, wadda makiyaya suka sani tare da kirci. Tana yaɗa wasu Taileriya masu sauƙi, tana kuma yaɗa ciwon ruwan zuciya, wanda ba mai sauƙi ba ne ko kaɗan.

Jan fitsarin da ya zo bayan kamu

Kafin mu shiga ɗakin gwaji, akwai wani abu a labarinka da ya tsaya mini a rai. Ka ce da ƙyar kuka kama ta, kuma jan fitsarin ya zo ne washegari. Barewa ba tunkiya ba ce. Idan aka yi ta kora ta, ga tsoro ga zafin rana, tsokokinta suna lalacewa, wani sinadari mai launin ja ya zubo daga cikinsu ya shiga jini, ya toshe ƙoda, ya fito a fitsari. Dabbar takan mutu cikin awoyi ko kwanaki kaɗan, kuma idan abin ya kama, ba shi da wani magani na kirki. Masu aikin namun daji a ko'ina suna tsoron wannan fiye da yawancin cututtuka, ni ma haka.

A ido, wannan fitsarin da na Babesiya kusan ɗaya suke. Ana raba su ne ta ruwan jini. A sa jinin a na'urar juyawa har ƙwayoyin su kwanta. Idan ruwan da ya taso ja ne ko ruwan hoda, ƙwayoyin jini ne ke fashewa, sai zargi ya koma kan Babesiya da makamantanta. Idan ruwan garau yake alhali fitsari ja ne, to tsoka ce. Da an buɗe gawar, da an duba naman cinya da na baya, domin ciwon kamu yakan bar ratsi-ratsi fari kamar an ɗan dafa wurin.

Wannan ba ya nufin kamun ne kaɗai. Dasashinta ya riga ya yi fari kafin ku taɓa ta, wato jininta ya riga ya ragu. A tsakiyar damina, a gonar da ke da tumaki, abu na farko da nake zargi a ƙarancin jini shi ne jar tsutsar tumbi mai shan jini, kafin ma na kai ga Babesiya. Kaskar kanta idan ta yi yawa tana rage jini. Dabbar da jininta ya ragu kuma aka kore ta da gudu, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Tunda gawar ta tafi, babu mai iya yanke hukunci yanzu, amma abin da ya fi kusa a ganina shi ne ciwo ya raunana ta, kamu ya ƙarasa.

Gilashi da madubin likita

Gwaji na farko, mafi arha, kuma wanda har yanzu na fi dogara da shi a dabba marar lafiya, shi ne shafa jini a fallen gilashi a rina shi da rinin da ake kira Giemsa. Amma akwai hanyoyi da yawa da wannan gwaji ke fitowa wayam alhali cutar na nan.

Na farko, daga ina aka ɗebi jinin? Wasu Babesiya suna sa ƙwayoyin da suka kama su manne a ƙananan jijiyoyi, sai jinin babbar jijiyar wuya ya fito kusan babu komai. Shi ya sa muke goge bakin kunne, mu ɗan soke shi da allura, mu ɗauki ɗigon farko. Ɗigon kada ya fi kan ashana girma. A sa shi kusa da ƙarshen gilashi, a kawo wani gilashin a karkace ya taɓa shi, a bari jinin ya bazu a gefensa, sannan a tura gaba sau ɗaya ba tsayawa. Shafi mai kyau yana ƙarewa da siririn baki kamar gashin tsuntsu, kuma a wannan bakin ake dubawa, inda ƙwayoyin suke ɗaiɗai ba su hau juna ba. Da damina iska na da laima, idan shafin bai bushe da sauri ba ƙwayoyin suna tsukewa su yi ramuka masu kama da cuta, don haka a kaɗa shi a iska nan take. A kuma rufe shi, domin ƙudaje suna lashe jinin tas kafin ka juya. Bayan ya bushe a zuba masa methanol na minti biyu zuwa uku, sannan rini kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, kimanin rabin awa. Ruwan ma da magana: na rijiyar burtsatse yakan sauya launin, ana son wanda aka daidaita tsaminsa a 7.2.

Na biyu, wa ya duba? Idan ɗakin gwajin mutane kuka kai, ba laifinsu ba ne. Sun saba da shafi mai kauri na maleriya, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyin gaba ɗaya, kuma a irin wannan shafi da wuya a gane ƙananan ƙwayoyin dabbobi. Ɗan katin gwajin maleriya kuwa ba ya ganin Babesiya sam. A siririn shafi, da gilashin madubi mai lamba 100 da ɗigon mai, babbar Babesiya takan fito biyu-biyu a cikin ƙwaya ɗaya, kawunansu masu tsini a haɗe. Taileriya ƙanana ce ƙwarai, wani lokaci sanda, wani lokaci waƙafi ko zobe. Anafilasma ɗigo ce mai duhu a gefen ƙwayar. Dattin rini da ba a tace ba yana kwaikwayon duk waɗannan. Abin da nake koya wa ɗalibai shi ne su ɗan murza madubin sama da ƙasa: datti yana zaune ne a kan ƙwayar, yana ƙyalli, cuta kuwa tana ciki, tana fitowa fili tare da ƙwayar a lokaci ɗaya.

Wani abin da ke ruɗa sababbin masu duba jinin bareyin Amurka da Turai shi ne ƙwayoyinsu suna lanƙwashewa su zama kamar na mai sikila idan jinin ya sha iska bayan an ɗebe shi. George Gulliver ya rubuta wannan a 1840, shekara 70 kafin a bayyana sikila a mutum. Su ba ciwo ba ne a wajensu, amma yana ɓata shafi, shi ya sa ake yin shafin a wurin da aka ɗebi jinin, ba sai an dawo gari ba. Wannan ladabin ya kamata mu ma mu riƙe.

Na uku, yaushe aka ɗiba? Idan fashewar ta riga ta wuce, ƙwayoyin da suka kamu sun tafi, abin da ya rage kaɗan ne. Idan kuma an riga an yi allurar Berenil ko oksitetrasaikilin kafin ɗiban jini, kamar yadda aka saba a gonakinmu, to an share sawu. Ciwon ruwan zuciya kuwa ba a ganinsa a shafin jini ko da an yi komai daidai, sai a ɗan murƙushe ƙwaƙwalwar gawa a gilashi a rina. Taileriya a farkonta ma a kaluluwar gaban kafaɗa ake samunta, a soka allura a zuƙo a shafa.

Tare da shafi, kullum a auna yawan jini da siririn bututu. Sai dai a karanta sakamakon da hankali. Barewar da ta tsorata saifarta takan matse ta zubo jini, awon ya fito sama da gaskiya. Wadda aka yi wa allurar barci irin zailazin kuwa saifar takan saki jiki ta tara jini, awon ya fito ƙasa.

Abin da PCR ke iyawa

Gwajin PCR yana neman DNA ɗin ƙwayar ne, yawanci a wani yanki da ake kira 18S, kuma yana kama abin da ido ba zai taɓa gani ba. Shi ne ya buɗe wannan fanni. A Turai, Babesia capreoli ta ƙaramar barewarsu da Babesia divergens ta shanu, wadda ke kama mutum, kamarsu ɗaya a madubi, kuma a wannan yankin na DNA harafi 3 kacal ya raba su. Sai an karanta jerin haruffan ake sanin wace ce. Ta wannan hanya ce kuma a 2003 aka bayyana wata sabuwa a jinin mutum biyu a Italiya da Ostiriya, dukansu an cire musu saifa, daga baya aka gano gidanta ƙaramar barewar ce. Yanzu ana kiranta Babesia venatorum. Masu bincike a can sun fi samun samfur daga mafarauta, ɗan yankin saifa daga kowace barewa da aka harba, domin ba sai an wahalar da mai rai ba.

To amma ƙarfin gwajin shi ne tarkonsa. Yana kama dabba mai ɗauke da ƙwaya lafiya lau kamar yadda yake kama marar lafiya. Misalin da na fi so shi ne na iyakar Teksas da Mekziko. Amurka ta fara yaƙin kawar da kaskar zazzaɓin shanu a 1906, zuwa 1943 ta kore ta sai wani siririn yanki a gaɓar kogin Rio Grande. Har yau bareyi da nilgai, wata dabba da aka kawo daga Indiya, suna tsallako da kaskar, har ana ajiye wa bareyin masara mai aibamektin, maganin kashe kaska. Da PCR ya nuna DNA ɗin Babesiyar shanu a jinin wasu bareyi, sai aka ɗauka su ne ma'ajiyar cutar. Amma a wani gwaji da aka wallafa a 2015, an sa wa bareyi Babesia bovis mai ƙarfi da gangan, ba ta kama su ba. Suna ɗaukar kaskar, wannan tabbas ne. Ɗaukar cutar kuwa, alamar DNA kaɗai ba ta isa hujja ba. Haka idan aka sami DNA a cikin kaskar da ta ƙoshi da jini, abin da ta sha kawai aka gani, ba a tabbatar ita ke yaɗawa ba.

Gwajin garkuwar jiki, irin su ELISA, ba na ba ka shawara a kansa. Domin shanu aka yi kayan, kuma iyakarsa ya ce dabbar ta taɓa haɗuwa da ƙwayar.

Saboda haka ni ba na cewa kaska ce ta kwantar da dabba sai abubuwa sun haɗu: zazzaɓi, jini yana raguwa, ruwan jini ja ko rawaya, ƙwayoyi da yawa a shafi ba ɗaya-biyu da aka samu da ƙyar ba, sannan an duba kashi an cire tsutsa daga lissafi. PCR sai ya zo ya faɗi sunan ƙwayar.

Ukun da suka rage

Kada ka kama su don gwaji muddin suna kiwo suna tuƙa. Haɗarin kamun ya fi amfanin sakamakon. Akwai abubuwa da yawa da za ka sani ba ka taɓa su ba. Da sassafe ka tsinci ɗanyen kashinsu a leda, a ƙirga ƙwan tsutsa. Ka ɗebi jinin tumaki da shanun da ke kusa da shingen, su da kamunsu ba wuya, ka yi shafi daga kunne. Ka ciro kaska daga jikinsu da kawunanta, ka sa a kwalba da barasar asibiti mai kashi 70 cikin 100, a gano irinta. Wannan na da muhimmanci yanzu, domin kaskar Rhipicephalus microplus, wadda a yankinmu aka fara ganinta a Kwaddebuwa a 2007, ta bazu a Afirka ta Yamma, tana yaɗa Babesiyar shanu, kuma ta yi suna wajen jure magani.

Ka yanke ciyawar shingen ta yi gajere, ka hana shanu da tumaki shiga ko kwana a jikinsa, ka bar kaji su yi tsince a ciki. Ka fara ba su dusa a wani ɗan lungu mai duhu da ƙofa, kullum a wuri ɗaya, har su saba shiga da kansu. Ranar da kamu ya zama dole, sai a rufe ƙofa kawai. A yi shi da asuba kafin rana ta yi zafi, ba hayaniya, ba kare, a rufe mata ido da ƙyalle, a kwantar da ita a kan ƙirji ba a gefe ba, kuma a shirya komai tun kafin a taɓa ta: gilasai, kwalbar jini mai murfi shuni, ma'aunin zafi. Idan an yi ƙoƙari na 'yan mintuna ba ta kamu ba, a bar ta sai wata rana. A kamu ɗaya a yi komai, shafi daga kunne, jini daga wuya, kaska, sannan magani. Jinin kwalba a sa a sanyi amma kada ya zama ƙanƙara idan za a yi shafi ko awo da shi. Na PCR kuwa ko ɗigo a takardar tacewa aka busar ya isa tafiya.

Game da magani, babu wanda aka yi wa barewa rajista a cikin Berenil da imidokab da bufabakon, aro muke yi daga na tumaki da shanu. Ka san Berenil da saniya ke ɗauka lafiya yana iya kashe raƙumi ko kare, don haka ba abin da za a yi wa dabbar daji da ƙiyasi ba ne, kuma ba a yin sa don rigakafi. Likitan da zai ga dabbar ya kimanta nauyinta shi ya kamata ya zaɓa.

Idan Allah ya ƙaddara wata ta sake mutuwa, kada a binne ta sai an buɗe cikin awoyi kaɗan. A duba ko saifa ta kumbura, ko kitse ya yi rawaya, launin ƙoda da abin da ke mafitsara, ruwa a jakar zuciya, tsutsa a tumbin ƙarshe, da naman cinya. A dangwala yankakken gefen saifa da ƙoda a gilashi, a ajiye ɗan yankin saifa a barasa ko ƙanƙara. Sharaɗi ɗaya: idan ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, kada a yanka ta, a kira hukuma, domin antiraks ma yana kumbura saifa kuma yana kama mutum. Samfuran za ka iya kai su Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ko asibitin koyarwa na tsangayar likitan dabbobi a Zariya, Sakkwato ko Maiduguri. Ka kira su tukuna ka ji irin gwajin da suke yi a lokacin, ka rubuta a jikin kowane samfur irin dabbar, ranar ɗiba, da duk maganin da aka ba ta. Ka kuma tuna wa mai gona cewa dokar kare namun daji ta shafi barewa, ya tabbatar yana da izinin ajiye su daga hukuma.